Gyaran madatsar Alau kaɗai ba zai raba Maiduguri da ambaliya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina game da zaman da garuruwanmu suke yi a bakin koguna, musamman Maiduguri, inda na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye aiki, inda kuma nake zaune da iyalina har yanzu a unguwar Gwange.

Masu karatu ba su manta da abin da ya same mu a daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024 ba. A daren ne jingar madatsar ruwa ta Alau, da ke ƙaramar hukumar Konduga, ta ɓalle, ruwan ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci. Kafin hantsi ya mamaye Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga babbar kasuwar Monday, ya kai har fadar Mai Martaba Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Yawancin namun dajin da ke gidan zu na Sanda Kyarimi sun mutu, kadoji da macizai suka bi ruwa zuwa cikin unguwanni, katangar gidan yari ta faɗi har fursunoni 281 suka fice. Mutum sama da dubu 400 suka rasa matsuguni, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi da aka rufe tun 2021 domin a tsugunar da su. Waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan ba shi ne karo na farko ba. An kammala gina madatsar a 1986 domin ta tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, a sha a cikin gari, a kuma yi noman rani. Shekara takwas kacal bayan haka, a Satumbar 1994, ruwanta ya ci Maiduguri. Tsakanin wancan ruwa da na 2024 shekara talatin cif, wato tsawon lokacin da yaro zai girma ya yi aure ya gina gidansa. Dattawan unguwarmu sun san inda ruwan 1994 ya tsaya, wasu ma suna iya nuna maka wurin a jikin bango, amma ba wanda ya tattara wannan sani ya mai da shi taswirar da za a yi aiki da ita, kuma a cikin shekarun nan talatin an gina dubban gidaje a ƙasa da inda suke nunawa.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina madatsar da inganta ta. Mun yi murna, kuma aikin ya zama dole, domin ruwan shan gari da abincin manoman fadamar Jere duk sun rataya a kanta. Sai dai ina jin tsoron kada a gama aikin, a yanka ƙyalle, a ɗauki hotuna, kowa ya koma gida da tunanin an gama da maganar ambaliya. Madatsa kamar randa take: komai girmanta tana da baki, kuma kowace damina kogi yana zuba mata yashi da laka a gindi, har ruwan da take iya ɗauka ya ragu ba tare da ido ya gani ba. Masu kula da ita kullum suna tsakanin abu biyu. In suka buɗe ƙofofi da wuri suka rage ruwa a watan Agusta, sai damina ta ɗauke ba zato, gari ya sha ƙishirwa da rani, a zage su. In suka riƙe ruwan har ta cika maƙil, sai aka yi mamako a dajin Sambisa da tuddan da ke ciyar da Ngadda, to ba su da sauran wurin da za su ajiye shi. Bai kamata a bar irin wannan hukunci ga ra'ayin ma'aikaci ɗaya da tsakar dare ba. Ya kamata a sami rubutacciyar ƙa'ida da ta ce in ruwa ya kai tsayi kaza a wata kaza, a buɗe ƙofa kaza, a sanar da wane da wane, a kuma buga ƙa'idar nan kowa ya karanta, domin ranar da aka saɓa mata a san wanda za a tambaya.

Wannan ya kawo ni ga maganar gargaɗi, wadda ita ce ainihin dalilin rubuta wannan wasiƙa. Ba za a ce Nijeriya ba ta da masana ba. Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana fitar da hasashen ambaliya, inda take lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma ana karanta waɗannan bayanai ne a ɗakin taro a Abuja, da Turanci, wata da watanni kafin ruwa ya sauka. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin gadar Gwange, in an ce mata ƙaramar hukumarta tana cikin jerin, me za ta yi da labarin? Abin da take bukatar sani shi ne: yau da dare zan kwana a ɗakina ko in kwashe yara, in kuma zan kwashe su, ina zan kai su, ta wace hanya?

A namu gidan, maƙwabci ne ya buga mana ƙofa, shi ma ɗan'uwansa ne ya kira shi a waya daga wata unguwa da ruwa ya riga ya shiga. Kwanaki kafin wannan dare kowa yana ganin kogin yana cika, ruwa ya fara shiga gidajen da ke gaɓa, amma maganar da ke yawo ita ce a kwantar da hankali. Tsakanin Alau da tsakiyar gari akwai tazarar kusan kilomita 20, kuma ruwa ba ya cin wannan tafiya cikin ƙiftawar ido. Da akwai tsari, da waɗannan sa'o'i sun isa a tashi gari duka, a fitar da tsofaffi da masu jego da marasa lafiya tun ruwa bai wuce idon sawu ba.

Tsarin da nake nufi ba ya bukatar biliyoyi. A shafa ma'auni a jikin ƙafafun gadojin Fori da Lagos Street da Gwange da fenti kala uku, kore da rawaya da ja, yadda ko wanda bai yi boko ba zai karanta. A ɗaura wa wani mutum takamaimai alhakin duba ma'aunin madatsar da na gadojin safe da yamma daga Yuli zuwa Oktoba, ya aika wa gidajen rediyo su faɗa da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, kamar yadda ake faɗar farashin hatsi. In ruwa ya taɓa rawaya, lawani, wato dagaci, ya sanar da bulamominsa, wato masu unguwanni, kowane gida ya ɗaure takardunsa da magungunansa a leda. In ya taɓa ja, ladanai su ɗauki lasifika. Babu wata na'ura da gwamnati za ta sayo da za ta kai lasifikar masallaci shiga lungu da ƙarfe biyu na dare, lokacin da babu wutar lantarki kuma rabin wayoyin unguwa ba caji. Sannan kowace unguwa ta san makaranta ko filin da ke kan tudu inda za ta nufa, a kuma gwada tafiyar sau ɗaya kafin damina ta kankama, domin hanyar da mutum bai taɓa bi da rana ba, ba zai gane ta cikin duhu da ruwa a ƙugu ba. Masunta da masu kwale-kwale, waɗanda suka ceci rayuka da yawa a ranar, a rubuta sunayensu tun yanzu, a ba su rigunan kariya, kada a jira sai ruwa ya zo a fara neman su.

Maganar filaye ta fi wuya, domin tana taɓa aljihun manya. Kogi yana da hanyarsa ta kullum, yana kuma da fadamar da yake shimfiɗa ƙafa a cikinta a shekarar da ruwa ya yi yawa. Fadamar nan ce aka yanka fuloti-fuloti aka sayar. Talakan da ya saya bai yi don ganganci ba. Rikicin Boko Haram ya koro jama'a masu ɗimbin yawa daga ƙauyuka zuwa Maiduguri, kuma wanda ya baro gonarsa da dabbobinsa ba shi da kuɗin fili a kan tudu. Laifin yana kan wanda ya yanka, da wanda ya sa hannu a takarda, da wanda ya ga ana zuba tubali a bakin gaɓa ya kau da kai. Idan za a rushe gidajen da suka tare hanyar ruwa, kuma wasu dole a rushe su, to a fara da ba masu su wani wurin da ke da ruwan sha da makaranta da motar zuwa kasuwa. 'Yan'uwanmu na Yamai sun gwada: bayan ambaliyar 2012 an ba mutanen bakin kogin Kwara filaye a Seno, can bayan gari, amma da yawa suka komo inda sana'arsu take, kuma a 2020 da jingar unguwar Lamorde ta ɓalle ruwa ya sake cin unguwannin gaɓar. Filin da aka tashi mutane daga cikinsa kuma kada a bar shi fayau, domin wani zai sake yankawa. A mai da shi lambuna ko filin ƙwallo ko a dasa itatuwa, abin da in ruwa ya kwanta a kansa mako biyu ba wanda zai yi kuka.

Mu ma jama'ar gari muna da namu kason. Magudanar da aka gina da kuɗin jama'a mun mai da ita juji, ledar ruwa da robobi sun toshe kwalbatoci, kuma aikin gayyar da iyayenmu suke yi kafin saukar ruwan fari mun bar shi. Wannan ba sai an jira kowa ba.

Akwai kuma darasin da ruwan ya koyar game da gine-ginen gwamnati. Asibitin da ya kamata ya karɓi waɗanda suka jikkata shi kansa ruwa ya shige shi, na'urori masu tsada da ke hawan ƙasa suka lalace. Duk asibiti ko tashar ruwa ko rumbun magani da ke cikin kwari, a ɗaga janaretansa da na'urorinsa sama da inda ruwan 2024 ya tsaya, a kuma zana wannan layi a bango da fenti mai ɗorewa a kowace unguwa, kada a sake dogara da tunanin tsofaffi. Haka rijiyoyi da masai: ruwan ya haɗe su wuri ɗaya, kuma ba a yi wata guda ba gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Ɗaga bakin rijiya da na burtsatse aiki ne na buhun siminti kaɗan.

Nakan ji wasu suna cewa ambaliya ƙaddara ce, kuma haka ne, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya yi yana tanadi kafin yunwa ta zo. Bai dace jami'in da aka ba amanar ƙofar madatsa ko takardar fili ya fake da ƙaddara ba.

Ina kira ga sauran garuruwa da kada su ɗauka wannan matsalar Barno ce kaɗai. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kano ta ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Haɗeja tana ƙasan madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogin. Yola da Makurɗi da Lakwaja kowace shekara kunnensu yana kan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama tun 1982, alhali ta Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa domin ta tare ruwanta har yau ba a kammala ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, a 2022 ta kashe sama da 600, a watan Mayun 2025 kuma Mokwa ta yi asarar rayuka masu yawa cikin safiya guda. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da gada, yana da masu unguwanni, yana da masallatai da coci-coci, wato yana da duk abin da ake bukata domin kafa irin tsarin da na bayyana.

Daga ƙarshe, Edita, ina da roƙo gare ku 'yan jarida. Ku aika wakilinku Alau ya gano wa jama'a inda aikin gyara ya kai, ya tambayi masu kula da madatsar ko akwai rubutacciyar ƙa'idar sakin ruwa, da sunan ofishin da zai kira lawanai in ruwa ya kai ja. Daga watan Yuli kuma ku ware ɗan gurbi kowane mako ku riƙa buga tsayin ruwan manyan madatsunmu, Alau da Tiga da Challawa da Goronyo da Dadin Kowa, da Hausar da kowa zai gane.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Gwange, Maiduguri.