Ba kallo ne ke cinye forfen dattijo ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ana yawan cewa intanet ta matasa ce, dattawa ba ruwansu da ita. Duk wanda ya zauna a rumfar gyaran waya a kasuwar Dole ta Damagaram ya san ba haka zancen yake ba. Manya da matasa duk suna hawa kullum, hanyar ce ta bambanta.

Matashi TikTok da Facebook yake yi. Awa guda ta kallon bidiyo na iya lashe ɗaruruwan mega, amma shi ya san abin da ya ci kuɗinsa. Ɗan kasuwa magidanci kuwa hoton kaya yake turawa, ya tambayi canjin naira da sefa daga Kano.

Dattijo ne abin tausayi. Shi WhatsApp kaɗai ya sani, kuma saƙon murya yake aikawa, don ba ya buƙatar karatun boko. Minti guda na murya bai kai mega 1 ba. To me ya sa forfen intanet da ya saya da safe ke ƙarewa kafin la'asar? Guruf-guruf ne: na dangi, na masallaci, na unguwa. Hotuna na sauka da kansu ko bai buɗe su ba, wani lokaci ma jikan da ya saita wayar ya kunna har da bidiyo. Ba a jimawa wayar mai giga 16 ko 32 ta cika, ta riƙa sanƙarewa, Alhaji ya ce rezo ne ya lalace.

Gyaran bai kai minti 2 ba. A shiga Paramètres na WhatsApp, a taɓa Stockage et données, a cire alamar hoto da bidiyo da takardu a wurin saukewa ta atomatik. Saƙon murya zai ci gaba da shigowa yadda ya saba. A Play Store ma a hana sabunta manhajoji da forfe.

Sai batun lambobi 6 na shiga asusu da WhatsApp ke turowa ta SMS. Ɓarawo kan kira dattijo ya ce kuskure aka yi, a karanto masa. Ana karantawa ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon kuɗi wurin dangi da sunan mai shi. Ƴaƴa su kunna wa iyayensu tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri, a sashen Compte, su rubuta lambar sirrin a takarda, a adana ta a gida, ba a bayan murfin waya ba.

Daga wasu masu gyaran waya,
Damagaram