Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Ina Makullin Ajinmu?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Ba zan ja gaisuwa ba, don na sha yin ta a bakin ofishinka, masinja yana amsa min da "Ciyaman ya fita".

Maganar makulli ce ta sa na ɗauki biro. Ka san zancen, tunda daga bakinka ya fito. Ranar da ka shigo unguwarmu neman ƙuri'a, ka iske mu a zauren mai unguwa muna koya wa baƙin da 'yan bindiga suka koro karatun boko da Turanci. Ka tsaya, ka cire hula ka share gumi, ka ce in Allah ya ba ka za a riƙa buɗe mana aji biyu a firamaren unguwa kullum bayan la'asar, a kafa mana fitilar sola, a ba malamai ɗan na sabulu. Har tafi aka yi maka. To, Allah ya ba ka. Aji ɗaya aka buɗe, wata biyu muka yi a ciki, sai wata Laraba muka tarar da kwaɗo sabo fil a ƙofa. Maigadi ya ce umarni ne daga sama. Ranka ya daɗe, a ƙaramar hukumar nan wace sama ce ta wuce ka?

Mutanen nan ba ka buƙatar a gabatar maka da su. Manoma ne daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, wasu daga Faskari da Sabuwa, wasu daga Zamfara. Akwai kuma 'yan Nijar da cin rani ya kawo suka zauna, waɗanda in ma sun taɓa boko, to na Faransanci ne. A kangwaye suke kwana, da shagunan da ba a gama ginawa ba.

Na ji wani na kusa da kai yana cewa, me mai jin yunwa zai yi da Turanci? To, bari ya zo ya tambayi ɗalibina mai tura kurar ruwa. Awaki biyu kaɗai ya tsira da su daga garinsu. Da ciwo ya kwantar da matarsa ya kai su kasuwa, mai saye ya nuna masa fuskar waya ya ce ga alat nan, kuɗi sun shiga. Ya duba ya ga baƙaƙe da lambobi, ya ce Allah ya sa albarka. Sai a wajen mai POS ya gane ko sisi babu. Katin asibiti da Turanci yake, haka takardar magani, haka fom ɗin banki da na NIN. Mutumin da ya kwana a daji yana gudun harsashi, ya iso birni kuma takarda ta zame masa wani dajin.

Bari na kusa da kan nan ya kuma tambayi wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu, wadda ta zo aji da kwalbar maganin tari a ƙulle a bakin zani. Ta bi rubutun da yatsa, harafi harafi, har ta gano cewa sau uku ake ba yaro a rana. Ai guɗa ta rangaɗa a tsakiyar aji. Ni da na yi ritaya daga koyarwa, ban taɓa karɓar albashin da ya kai wannan daɗi ba.

Abin da ya fi min ciwo, a Zariya ake wannan. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda littattafan yaƙi da jahilci suka fita suka karaɗe Arewa a shekarun 1950. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ɗalibanta ma ke zuwa taya mu koyarwa kyauta, da kuɗin motarsu daga Samaru. Muna bugun ƙirji da sunan garin ilimi, amma aji ɗaya ya gagare mu.

Kwaɗon nan ba karatu kaɗai ya rufe ba. A filin makarantar samarin unguwa da na baƙi suke buga ƙwallo ranar Juma'a, har an daina kiran yaran "'yan ƙauye". Mata kuma a barandar suke zubin adashi da koyon saƙa. Duk ya watse. Zancen fitila da na sabulu kuwa, na yafe, kar ma a tada shi.

Don Allah, ranka ya daɗe, ba kwangila muke nema ba. Ginin yana nan, bayan an tashi yara awaki ne ke kwana a barandarsa. Damina kuma ta kusa, zauren mai unguwa yana yoyo. Ranar Litinin bayan la'asar za mu tsaya a ƙofar makarantar, ni da ɗalibaina, da allonmu da alli. Ka aiko masinjan nan naka da makulli, ya san fuskata sarai.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Zariya