Wasiƙa daga Agege a kan tsohon layin dogo

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina da ke Ƙaura Namoda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, kuma damina ta yi albarka. A wasiƙarka ka ambaci cewa ciyawa ta rufe dogon da ya ratsa bayan gidanku, har wasu na ganin gara a tumɓuke ƙarafan a raba filin a huta. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake so in ba ka labarin abin da na gani a nan.

Ranar Asabar da ta wuce na je harabar reluwe da ke Ebute Metta, na shiga wani tsohon gidan bene da ake kira Jaekel House. An gina shi a 1898, shekara biyu bayan an fara shimfiɗa dogo daga Legas, wanda ya isa Ibadan a 1901. Gidan ya tsufa ƙwarai kafin ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi a 2010 ta mayar da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi. Tsofaffin hotuna ne a ciki da kayan aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na wancan zamani, ba su da yawa, amma na daɗe a tsaye gabansu ina tuna mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, yadda yakan ba mu labarin lodin gyaɗa da auduga a tashar garinku, da yadda leburori kan kwana suna cika taragu.

Sai na lura cewa tarihin da ke rataye a bangon gidan nan namu ne mu ma. Dogon da aka fara daga Baro a bakin kogin Neja a 1907 ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗa shi da na Legas a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Daga nan gyaɗar Kano ta samu hanyar zuwa teku, dalar gyaɗa ta tashi, fatu da shanu suka riƙa gangarowa kudu, goro kuma yana hawa arewa. Zangon Hausawa na nan Agege da nake zaune a ciki ya bunƙasa ne a gefen tasha, da cinikin goro da na shanu, kuma har yau dattawanmu da ke kiran birnin nan Ikko suna ba da labarin ranar da suka sauko daga jirgi da jaka ɗaya. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a garinku a 1929. Kai ka fi ni sanin rabon da ku ji kukan jirgi a can.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a rasa filin, fiye da a rasa ƙarfen. Ƙarfe ana sake ƙera shi, amma hanya doguwa wadda ta miƙe ɗaruruwan kilomita ba tare da gida ko shago ya tare ta ba, in aka yanka ta fuloti-fuloti, ba wanda zai iya sake haɗa ta sai da rusau da diyya da ɓacin rai. Dubi ƙaramin dogon da aka yi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957 aka kwashe ƙarafansa. A matasan yau nawa ne suka san jirgi ya taɓa bin wannan hanya? Ka kwatanta shi da nan Legas. Jirgin cikin gari da ake kira Red Line, wanda aka buɗe a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bin filin reluwe na asali ne, haka ma sabon dogon Legas zuwa Ibadan na 2021 a cikin birni. Da an cefanar da filin nan a shekarun da jirgi ya yi sanyi, da yanzu mu mutanen Agege ba mu da mafita daga cunkoson unguwar Oshodi sai danfo, wato ƙananan motocin bas na haya.

Ba ina cewa kowane tsohon layi jirgi zai koma kansa gobe ba. Sabon dogo faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Amma kafin lokacin ya zo, ana iya cin moriyar wurin ba tare da an lalata shi ba. A birnin New York na Amurka an mayar da wani tsohon dogo na sama lambun shaƙatawa a 2009. Mu buƙatarmu daban ce, kuma ta fi kusa da ƙasa. Ginin tasha zai iya zama ɗakin karatu ko ajin koyon ɗinki, rumbunan ajiye kaya su koma ma'ajiyar amfanin gona, gefen dogon kuma a dasa masa dalbejiya ya zama hanyar ƙafa da keke ga 'yan makaranta, da sharaɗin cewa filin na jama'a ne, ba a kafa tubali a kansa.

Kwanaki na ga guntayen dogo a cikin tarin kayan gwangwan, an yanka su da wuta ana jiran a ɗora a sikeli. Raina ya ɓaci, domin kakanninmu ne suka haƙa ƙasar da aka shimfiɗa su, da yawansu ma da aikin tilas, kuma guminsu ya fi ƙarfin a sayar da shi a kilo.

Don Allah, aminina, ka yi mini abu biyu. Ka ɗauko mini hotunan tashar garinku, ciki da waje, har da allon sunan gari in yana nan. Sannan ka zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage, ka naɗi muryarsu a waya, su faɗi yadda aikin yake da ranakun da jirgi kan shigo. In ka samu dama kuma ka kai maganar filin gaban mai unguwa da hakimi, tun kafin wani ya fara aza harsashi. Zan zo da babbar salla in Allah Ya yarda, mu taka dogon tare tun daga tasha har bayan gari.

Ka gaishe mini da Hajiya da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka, amininka na Agege.