Ayarin motocin shaƙatawa da tuƙin ganganci a hanyoyin tsaunuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci a kan wata al'ada da ta samu gindin zama a Turai da Amurka, wadda kuma bidiyoyinta ke yawo a wayoyin matasanmu ba dare ba rana, wato haɗa ayarin motoci masu tsada da ƙarfin inji su kwashe kwanaki suna keta hanyoyin tsaunuka da sunan yawon buɗe ido. Kamfanoni da ƙungiyoyin masu sha'awar mota ne ke shirya tafiyar: su karɓi kuɗi, su kama masauki, su tsara hanya, su sa jagora a gaba. A takardar da mahalarta ke sa wa hannu sukan rubuta cewa ba tsere ake yi ba kuma kowa ya kiyaye dokar hanya, amma abin da suke tallatawa a hoto shi ne mota tana shan kwana da gudu, inji yana ruri, ƙura tana tashi. A ganina babban haɗarin wannan tafiya daga ayarin kansa yake fitowa, saboda haka wanda ya haɗa ayarin ba zai wanke hannunsa da takarda ɗaya ba.

Hanyoyin da ake rububin zuwa sanannu ne. Akwai mashigar Stelvio a arewacin Italiya, mai tsayin mita 2,757, inda ɓangare ɗaya kawai yake da kwanoni 48 masu lanƙwasa kamar za a juya baya, kuma an gina ta ne tsakanin 1820 da 1825, zamanin da keken doki ne babban abin hawa. Akwai hanyar Grossglockner a Ostiriya da aka buɗe a 1935, akwai kuma wani yanki na hanya mai lamba 129 a kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina a Amurka, mai kwanoni 318 a cikin tafiyar da ba ta wuce kilomita 18 ba. Dukansu hanyoyin jama'a ne. Motocin haya na bin su, manoma na bin su da tarakta, a tsaunukan Alps na Turai kuwa, inda hanyoyi biyu na farko suke, masu kekuna suna hawa a hankali a gefen kwalta, a wasu wuraren ma shanu na ƙetarawa.

Direban da ke tafiya shi kaɗai yakan auna gudunsa da abin da idonsa ke gani. Da zarar ya shiga ayari sai ma'aunin ya koma motar da ke gabansa. Jagora ya san hanyar, ya bi ta sau da dama, motarsa ta saba da hannunsa, saboda haka gudun da yake ɗauka a matsayin matsakaici ya fi ƙarfin baƙon da ya karɓi motar haya jiya da yamma. Sannan akwai abin da duk wanda ya taɓa bin jerin motocin kai amarya ya sani: na gaba yana tafiyarsa a natse, amma na ƙarshe kullum cikin ƙoƙarin kamowa yake. In tarakta ta shiga tsakani ko aka tsaya a mahaɗar hanya, tazara ta buɗe, sai mutum ya ga 'yan'uwansa sun ɓace a bayan dutse, bai san hanya ba, ga kunyar a ce shi ne ya riƙe tafiya. A nan ne yake ba mota wuta fiye da yadda jagoran kansa ya ba ta. Abin takaicin shi ne sau da yawa waɗanda ba su gwanance ba su ne ke komawa baya, wato inda ake buƙatar gudu mafi yawa domin a tsaya cikin ayari.

Mafi muni shi ne wuce mota a kwana. Jagora ya wuce babbar mota lokacin da hanya take fili, na biyu ya bi shi, na uku ma haka, na huɗu kuwa yakan fita ne domin kawai ya ga na uku ya fita, alhali sararin da aka samu tun ɗazu ya rufe. Wasu ayarin suna amfani da wayar oba-oba, na gaba ya sanar cewa hanya a buɗe take. Wannan ya fi kama da taimako, amma yana sa direba ya miƙa idonsa ga muryar mutumin da ya riga ya yi nisa, wanda bai ga mai babur da ya fito daga gona bayan wucewarsa ba.

Lissafin gudu ba ya sassauta wa kowa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma daƙiƙa guda ko fiye ce direba ke ɓatawa kafin ƙafarsa ta isa birki. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da mota takan ninku sau huɗu. A kwanan da dutse ya tare gani, abin da ido ke hangowa bai kai wannan tazarar ba. Ƙa'idar da malaman tuƙi ke koyarwa ita ce mutum ya iya tsayawa a hannunsa cikin nisan da yake gani, kuma tuƙin da ake tallatawa a waɗannan tafiye-tafiye ya ginu ne a kan saɓa mata.

Gangara kuma tana da nata sharrin. Birki aikinsa mayar da gudu zafi, to idan aka yi ta ba mota wuta tsakanin kwana da kwana ana danne birki da ƙarfi, zafin yakan taru har man birki ya tafasa. Alamar farko wari ne na ƙuna da ke shigowa ta taga, daga nan sai direba ya ji fedar ta yi laushi, ya taka ta tafi har ƙasa motar ba ta rage komai ba. Man birki yana shan danshi daga iska, kuma wanda ya daɗe ba a canja shi ba yakan tafasa da zafin da bai kai na sabo ba nesa ba kusa ba. Tsofaffin direbobin manyan motoci suna da maganarsu cewa giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Ga kuma inuwar dutse da ke riƙe laima ko ƙanƙara bayan sauran kwalta ta bushe, da tsakuwar da ruwa ya wanko, da hazon da ke saukowa cikin 'yan mintoci.

Wanda ya biya kuɗin tafiya ya zaɓi haɗarinsa, amma mutanen gari ba su zaɓa ba. A watan Mayun 2007, a tafiyar ayarin motoci mai suna Gumball 3000 da ake shiryawa tun 1999, wata mota ƙirar Porsche ta yi karo da ƙaramar motar wasu dattawa, miji da mata, kusa da garin Struga a ƙasar Masedoniya (Masedoniya ta Arewa a yanzu), su biyun suka rasu, aka kuma dakatar da tafiyar ta wannan shekara. Hukumomin Turai sun daina kallon irin wannan tuƙi a matsayin ƙaramin laifi. A Siwizalan, dokar da ta fara aiki a 2013 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu ga wanda ya ƙara kilomita 60 a kan iyakar 80, kuma kotu na iya ƙwace motar. Jamus ta mayar da tsere a kan hanyar jama'a babban laifi a 2017, har da wanda ke tseren shi kaɗai, Ostiriya kuma ta fara ƙwace motocin masu gudun wuce sa'a a 2024. Kamfanonin inshora ma sukan cire tsere daga abin da suke biya, abin da mahalarta da yawa ba sa karantawa sai bayan ta faru.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta shafe mu shi ne muna da irin waɗannan hanyoyi, muna kuma da matasa masu motoci da sha'awar kwaikwayo. Hawan da ke kai mutum tsaunin Mambila daga Mayo Selbe a jihar Taraba, da hanyar Obudu a Kuros Riba mai kwanoni fiye da ashirin, da Hawan Kibo tsakanin Akwanga da Jos, inda tireloli suka sha tsinkewar birki, duk sun isa su ja hankalin mai neman abin ɗauka a bidiyo. Bambancin shi ne a Alps akwai shingen ƙarfe ko na dutse a mafi yawan kwanoni, akwai jirgin sama mai saukar ungulu da ke ɗaukar wanda ya ji rauni, mu kuwa wanda ya faɗa kwazazzabo a Mambila sai dai mutanen ƙauye su ciro shi a nemi motar da za ta kai shi asibiti mai nisa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban ce a hana yawon ayari ba, domin garuruwan tsaunuka na amfana da baƙi. Abin da nake nema shi ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa su ɗora nauyi a kan mai shiryawa. Ya sanar da hukuma hanyarsa da yawan motocinsa, ya raba ayarin ƙanana-ƙanana, ya ba kowane direba taswira da wuraren da za a tsaya a jira juna ta yadda ba wanda zai ji dole ya kamo na gaba, a duba birki da taya kafin tashi, a kuma sa gwani a ƙarshen layi wanda ba ya wuce kowa. Jadawalin tafiyar ma a duba shi, domin idan an rubuta za a ci abincin rana a wurin da ba za a iya isa ba sai an karya doka, to mai jadawalin ya riga ya umarci kowa ya yi gudu, kuma ya kamata a tuhume shi tare da direban in aka yi hatsari. Wanda kuwa yake son ya gwada iyakar motarsa, ya nemi fili da aka killace, inda babu mai tahowa daga gaba.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Mai karatu daga Jos