Wasiƙa Ga Ɗana Kafin Ranar Gwajin Ɗaukar Aiki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji sun kira ka, kuma sun ce ban da intabiyu za a ba ka aiki irin na ofishinsu ka yi a gabansu. Madalla. Ka natsu ka karanta wannan.

Hanyar ta daɗe. Rundunar sojan Birtaniya ta fara zaɓen hafsoshi da ita a 1942, kamfanin AT&T na Amurka kuma ya shigo da ita harkar kamfanoni a 1956. Masu tantancewa suna zama da takarda mai ɗauke da halayen da ake nema, kamar tsara aiki, yanke shawara, sauraro da iya zama da mutane. Suna rubuta abin da ka faɗa da abin da ka yi, daga baya su ba da maki, galibi daga 1 zuwa 5. Abin da ya tsaya a zuciyarka ba su da hanyar ganinsa, don haka duk matakin da ka ɗauka, ka faɗi dalilinsa ko ka rubuta shi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gwajin tarin saƙonni. Za a ce kai ne sabon manaja, ga imel da takardu kamar ashirin sun taru, ga awa ɗaya ko makamancin haka. Mai gaggawa yakan kama na farko ya shiga amsawa, lokaci ya ƙare masa a na takwas, alhali babbar matsalar tana na goma sha bakwai. Kai ka ware minti goma na farko ka karance su duka ba tare da ka amsa ko ɗaya ba. Da gangan ake ɓoye alaƙa a tsakaninsu: taro biyu a lokaci guda, ko wani saƙo na can ƙasa da ya soke umarnin na sama, ko ma'aikacin da za ka tura wa aiki ashe yana hutu. Kalanda da jadawalin muƙamai da aka haɗo maka ba ado ba ne, ka duba su. Sannan ka raba uku: wanda za ka yi yanzu da kanka, wanda za ka miƙa wa wani, da wanda zai jira. Idan ka miƙa, ka rubuta wa ka ba, me zai yi, yaushe zai kawo. Abin da ya fi ƙarfin muƙaminka kada ka sa masa hannu, ka tura sama tare da shawararka. In a kwamfuta ne, sababbin saƙonni na iya shigowa kana tsakiyar aiki, sai ka bar ɗan lokaci saboda su.

Akwai kuma wanda za a zaunar da kai da wani ya fito a matsayin kwastoma mai fushi ko ma'aikaci mai yawan makara. An ba shi bayanan da ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Ka bari ya gama magana, ka yi tambayoyi, ka maimaita masa abin da ka fahimta. Kada ka yi alkawarin da takardar umarni ba ta ba ka iko ba don kawai ya huce. Ku tashi da matsaya: wa zai yi me, kuma yaushe.

A tattaunawar rukuni, mai danne kowa da mai yin gum duk asara suke yi. Ka kawo hujja daga takardar da aka ba ku, ka jawo wanda ya yi shiru, ka riƙa tuna musu lokaci, domin sau da yawa rukuni kan watse ba a yanke komai ba.

Kafin ranar, ka sake karanta tallar aikin, yawanci halayen da za a auna suna cikinta. Ka gwada kanka da agogo. In daga gida za ka yi, ka tabbatar da caji da intanet tun da wuri. Bayan an gama kuma, ko ka samu ko ba ka samu ba, ka roƙe su bayanin inda makinka ya ragu.

Allah ya ba da sa'a.

Mahaifinka