Zuwa ga Ministan Ilimi: Ɓeraye Nawa Jami'o'inmu Ke Kashewa a Shekara?

Assalamu alaikum, ranka shi daɗe.

Daga Birnin Kebbi nake rubuto maka, ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma na san wani zai ga wannan ya ce ana ta tsadar abinci da rashin tsaro wa ke ta ɓera. To a bari dai in ƙarasa.

A Birtaniya tun 1986 suke da dokar amfani da dabbobi wajen bincike, kowace shekara kuma ma'aikatar cikin gidansu sai ta fitar da lissafi. A 2015 gwaji miliyan 4.14 aka yi, a 2023 ya sauko miliyan 2.68, yawanci kan ɓeraye da kifi. Amurka ma a Disamban 2022 ta cire sharaɗin cewa dole sai an gwada sabon magani a jikin dabba kafin a kai ga mutum. Birtaniya dai tana ƙirgawa, shi ya sa ta san inda ta dosa. Mu kuwa in yau ka tambayi hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, adadin namu, wace amsa za su ba ka?

Ga abin da ke faruwa a ƙasa. Ɗalibin ajin ƙarshe za a ba shi furojet, a ce ya gwada ganyen zogale ko sabara ko shuwaka kan ciwon suga, sai ya nemo kuɗi wajen iyayensa ya sayo fararen ɓerayen nan da ake kira Wistar, wasu ma daga wata jiha ake ɗauro su a mota cikin kwali. A zuba su a bahon roba a rufe da ragar waya, abincin kaji ake ba su, a yi musu allurar aloksan don suga ya kama su. Kuma ka san zafin Kebbi a watan Maris da Afrilu, ya haura digiri 40, ba wuta ba fanka, ka buɗe ƙofa da safe wari ne zai fara tarbarka, ka tarar wasu sun sanƙare a kusurwa sauran na haki. Ɗalibi ya zauna kamar ya yi kuka don kuɗin makarantarsa ke kwance nan.

Abin da ya fi ci min rai ma ba mutuwar ba ce kaɗai. Dabbar da zafi da ƙishirwa suka galabaitar, jininta ba zai faɗi gaskiya ba, duk lambar da aka rubuta a kanta shirme ce wallahi. Sannan gwajin da aka yi bara shi za a maimaita bana, sunan ɗalibi kawai ya canza, kundin ya je kan kanta yana shan ƙura. Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ai bai kamata sai Bature ya tuna mana ba.

Ban ce a daina ba fa. Rigakafin shanu da kaji da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, da maganin saran maciji da ake haɗawa daga jinin dawaki da tumaki, manomanmu na fadama sun san amfaninsu. Binciken da zai ceci rai a yi shi, amma a yi shi da tsari.

Roƙona, ranka shi daɗe, ka sa NUC ta wajabta wa kowace jami'a kawo lissafin dabbobinta duk shekara, iri da adadi da dalili, a saka a intanet kowa ya gani. Kada a bar kowa ya taɓa dabba sai kwamiti mai likitan dabbobi a ciki ya duba ya sa hannu, ba irin kwamitin da ke kan takarda kawai ba. 'Yan digiri na farko a haɗa su rukuni-rukuni kan gwaji guda, abin da bidiyo da kwamfuta za su koyar ba sai an yanka ɓera ba. TETFund kuma, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ke gina mana manyan ɗakunan taro, don Allah ta ware wani abu ta gina gidan dabbobi mai sola da ruwa, ko guda ɗaya ne jami'o'in Kebbi da Sakkwato da Zamfara su riƙa amfani da shi tare.

Allah shi taimake ka.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji,
Birnin Kebbi.