Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Tarurrukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba.

Alhamdulillahi, bitar da muka shirya a nan Katsina kan sababbin magungunan ciwon damuwa da tsarin ofiyod na ƙwaƙwalwa (inda magungunan kashe zafi irin su mofin da tiramol ke aiki) ta fitar da mu kunya. Sai da aka aro kujeru. An fara da maganin damuwa tiyaneftin, wanda sai a 2014 aka gano yana kama makarɓar ofiyod mai suna "mu" (makarɓa ita ce wurin da magani ke maƙalewa a ƙwayar halitta ya yi aiki), wadda mofin ke kamawa. A 2017 aka nuna cewa ɓeran da aka cire wa wannan makarɓa maganin ba ya masa aiki. Ketamin, wani maganin da ake ba masu ciwon damuwa, shi ne ya ta da muhawara: a jami'ar Stanford ta Amurka, 2018, tasirinsa ya dushe ga majinyatan da aka fara ba naltirezon miligiram 50, maganin da ke toshe makarɓun ofiyod, amma wasu ƙananan bincike ba su ga haka ba.

Ɗalibai sun fi ƙaruwa da bayanin gwajin iyo, inda ake sa ɓera a ruwa, ana ɗaukar raguwar rashin motsinsa a matsayin alamar maganin damuwa na aiki. Ruwa digiri 23 zuwa 25, mai zurfin da wutsiyar ɓera ba za ta taɓa ƙasa ba, minti 6, a ƙirga rashin motsi a minti 4 na ƙarshe kawai. Tarkon shi ne ofiyod na sa ɓera yawan zirga-zirga, sai a zaci damuwa ce ta ragu. Dole a haɗa da gwajin buɗaɗɗen akwati, mai auna yawan zirga-zirgar ɓera. An kuma ja kunne: sakamakon ɓera ba na mutum ba ne, ga atikafiran mai toshe wata makarɓar ofiyod mai suna kappa an dakatar da babban gwajinsa a 2025. Kada wani ya fassara wa matasanmu cewa tiramol maganin damuwa ne.

Namu gwajin bai kammala ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Zafin bazara na canza halin ɓeraye, ɗakin na buƙatar sanyi da haske awa 12, duhu awa 12. Wuta ba ta zama, dizal kuma kuɗi ne. Da asusu ya ƙare muka tsaya, don sakamakon da aka samu a haka shara ne.

Mafi yawan mambobi ba su biya kuɗin wata ba. Ma'aji ya kira, ya tura saƙo, ya taka har shaguna. Wasu sai ranar raba takardar shaida ake ganinsu. Don Allah duk mai bashi ya biya kafin taron farko na sabuwar shekara; ba za mu sayo ɓera ko ɗaya ba sai kuɗin dizal da abincinsu sun shiga asusu.

Sakatare